Me ya sa ake kewar kukan modem da kwamfutocin da?

Ka ce yayanka ya ci karo da rikodin kukan tsohon modem, ya yi ta maimaita shi yana murmushi, kai kuwa ba ka ji komai ba sai ƙara irin ta rediyon da ya ɓata tasha. Kana so ka san ƙarar mece ce, me ya sa mutane ke begen intanet ɗin da su da bakinsu suke cewa ya ba su wahala, kuma ko ya dace ka nemi tsohuwar kwamfuta ka ɗanɗana da kanka. Na yi shekaru ina haɗa wa mutane irin waɗannan na'urori ina gyara su, don haka zan ba ka amsa a matsayin wanda hannunsa ya sha ƙurar cikinsu, kuma wanda shi ma kewar takan kama shi.

Ƙarar nan magana ce, ƙanena. Na'ura biyu ne ke gaisawa suna ciniki. Layin tarho na da an gina shi ne don muryar ɗan Adam kawai, yana ɗaukar sautin da ya kama daga wajen hertz 300 zuwa 3,400 (hertz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), abin da ya yi ƙasa ko sama da haka sai ya yanke shi. Kwamfuta kuwa ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Aikin modem shi ne ya mai da sifili da ɗayan nan sauti, ya tura ta layi, ɗan'uwansa na can ya saurara ya mai da sautin lambobi. Wanda kamfanin AT&T na Amurka ya fitar a 1962, mai suna Bell 103, ya yi abin a sauƙaƙe ƙwarai: mai kira yana busa sautin hertz 1,270 in yana nufin ɗaya, 1,070 in yana nufin sifili, mai amsawa kuma yana da nasa sautuka biyu daban don kada muryoyinsu su cakuɗe. Gudunsa bit 300 a daƙiƙa (kowane sifili ko ɗaya shi ne bit guda), wato kusan harafi 30. A wannan gudun kana kallon rubutu yana fitowa a allo kana karanta shi yana zuwa, kamar wani na rubuta maka a gabanka.

In ka koma ka saurari rikodin yayanka a tsanake, za ka ji abin ya kasu kashi-kashi. Da fari akwai amon layi, sai ƙarar danna lambobi, kowace lamba sautuka biyu ne a haɗe. Sai ringin. Sai wani dogon kuka siriri daga ɓangaren mai amsawa, na hertz 2,100, wanda ke sanar da kayan kamfanin waya cewa na'ura ce ke magana, su kashe abin da ke danne amsa-kuwwa a layi, domin abin da ke gyara wa mutum murya shi ke ɓata wa modem saƙo. Bayan nan sai 'yan ƙananan ƙararraki masu kama da tsuwwar tsuntsu: kowanne na faɗa wa ɗan'uwansa irin yarukan da ya iya, kuma a hankali suke wannan, a tsohon gudun nan na 300, don ko wane irin modem ya gane. Sai wani amo mai kauri, inda suke watsa sautuka da yawa lokaci guda don auna layin, su ga inda yake da tsabta da inda yake da datti. Na ƙarshe shi ne shuuu ɗin nan mai kama da ruwan sama a kan rufi, lokacin da kowanne ke daidaita kunnensa da muryar ɗan'uwansa. Da sun shirya kan gudun da layin zai iya ɗauka, sai lasifikar ta yi tsit. Ba maganar ce ta ƙare ba, lasifikar kawai aka kashe. Wannan shirun shi ne alamar ka shiga.

An bar lasifikar a kunne ne da gangan, don mai kwamfuta ya ji ko layi a cike yake, ko lambar ba daidai ba ce, ko wani bawan Allah ne ya ɗaga yana ta "halo, halo" na'ura na yi masa ihu a kunne. Mu da muka saba, kunne kaɗai ya ishe mu. In na ji shuuu ɗin ya tsaya ya sake farawa, na san ciniki bai faɗa ba, za su sauko ƙasa da gudun da aka so. Akwai umarnin da ke kashe lasifikar baki ɗaya, ATM0, kuma duk yaron da ke satar shiga da tsakar dare ya haddace shi kafin ya haddace komai. Waɗannan umarni masu farawa da AT sun samo asali ne daga modem ɗin kamfanin Hayes na 1981, sauran kamfanoni suka kwaikwaya har ya zama yaren kowa: ATDT sai lamba don kira, ATH don ajiye waya. Kafin irin na Hayes, da yawa sai ka danna lambar da hannunka, ka ji kukan, sannan ka ɗauki kan tarho ka kifa shi a kan wasu kofuna biyu na roba. Tari mai ƙarfi a ɗakin yana iya jefa maka baƙin haruffa a allo.

Gudun ya yi ta hawa mataki-mataki: 1,200, 2,400, 9,600, sai 14,400 a 1991, 28,800 a 1994, 33,600 a 1996. A nan injiniyoyi suka ce an kusa bango, domin lissafin da Claude Shannon ya wallafa a 1948 ya nuna cewa faɗin layi da yawan dattin da ke cikinsa su ke yanke iyakar abin da zai ɗauka. Na 56k da ya zo daga baya dabara ce ta zagaye bangon. Cikin hanyoyin kamfanin waya tuni an daina tura murya a matsayin sauti, ana auna ta sau 8,000 a daƙiƙa a tura lambobi, kowane awo bit 8, wato bit 64,000 a daƙiƙa. To in kamfanin intanet ya jona kai tsaye da wannan ɓangare na lambobi, saƙon da ke saukowa gidanka sau ɗaya kawai za a mai da shi sauti, dattin sai ya ragu. Shi ya sa saukewa kaɗai ta yi sauri, ɗorawa ta tsaya a 33,600. A 1997 sai aka samu tsari biyu da ba sa jituwa, x2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, in naka bai yi daidai da na kamfanin intanet ɗinka ba ka yi asarar kuɗinka, har sai da aka tsayar da tsarin V.90 a 1998. Kuma sunan 56 ɗin ma ya fi abin girma. A Amurka dokar ƙarfin sigina ta tsayar da shi a wajen 53,000, a aikace kuwa in ka ga arba'in da wani abu sai ka gode wa Allah.

Ga yadda abin yake a jiki. A rana mai kyau kana sauke kamar kilobayit 5 a daƙiƙa. Hoto guda na wayarka ta yau, mai megabayit 3, minti goma ke nan. Waƙa mai megabayit 4 ta kusa kwata na awa. Hoto a shafi yakan sauko ne layi-layi daga sama, ka ga gashin kai, ka jira goshi, ka jira ido. Da yawanmu mukan kashe hotuna a burawuza mu karanta rubutu zalla. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma mu mun san ragowar karin maganar fiye da kowa.

Ina tuna wani dare da na zauna sauke wata manhaja da nake matuƙar bukata don aikin washegari. Fiye da awa biyu ina kallon shuɗin layin nan yana rarrafe, ban ko tashi ba don kada in taɓa waya. Ya kai kashi 96 cikin ɗari. Sai ƙanwata ta ɗaga tarhon ɗaya ɗakin za ta kira ƙawarta. Na ji ƙas daga cikin modem, fitilunsa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ta leƙo tana cewa, "Yaya, wayar nan ta lalace, wani ƙara take yi." Burawuzar lokacin ba ta san ci gaba daga inda aka tsaya ba. Daga sifili na sake. Abin haushin shi ne masu amfani da tsarin tura fayil na ZMODEM, wanda Chuck Forsberg ya fitar tun 1986, sun daɗe da samun wannan sauƙin, sai da aka shigo yanar gizo aka koma baya, har aka riƙa sa manhaja ta musamman don ita kawai.

To, mutumin da ya sha wannan, me yake kewa? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. A ganina abu uku ne suka cakuɗe, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi sauƙin faɗa shi ne ƙuruciya. Wanda ke da shekara arba'in da biyar yau, lokacin yana sha biyar, iyayensa na raye, ba haya a kansa, ba ciwon baya. Sauti kuwa ya iya buɗe ƙofar tunani fiye da hoto. Yayanka da ya ji kukan, ɗakin ya gani da kujerar da mutanen gidan. Wannan ba ruwansa da fasaha, da ƙarar wani tsohon injin ɗinki ce ma haka zai ji.

Na biyun ya fi muhimmanci: intanet ɗin lokacin yana da ƙofa. Ana shiga, ana fita. Yana zaune a wuri guda a gida, kan tebur, kuma shigarsa na nufin ka toshe wa kowa layin waya, a ƙasashe da yawa kuma kowane minti kuɗi ne. Saboda haka mutum ba ya shiga sai da niyya. Kakan rubuta wasiƙunka na imel tun kafin ka kira, ka jera abin da za ka nema a takarda, ka shiga, ka tura, ka sauke, ka fita, sannan ka zauna ka karanta. In ka fita kuwa ka fita, babu abin da zai biyo ka cikin aljihu ya girgiza. Rabin mintin nan na kukan modem shi ne bakin ƙofar, kuma ina jin shi ya sa sautin ya zauna a zukata fiye da komai na zamanin. Ni kaina ba jiran nake kewa ba. Abin da nake kewa shi ne wannan ƙas ɗin na ajiye layi, da ɗaki zai dawo ɗaki.

Mutanen ciki ma kaɗan ne, kuma kusan kowa ya sha wahala kafin ya iso. Kafin yanar gizo ta yaɗu akwai allunan saƙo da mutane ke kafawa a gidajensu, wato kwamfutar da za ka kira da modem ka karanta saƙonni ka bar naka. Na farko Ward Christensen da Randy Suess ne suka buɗe shi a Shikago cikin Fabrairun 1978, bayan ƙanƙara ta rufe garin ta zaunar da su a gida. Kwamfuta ɗaya, layi ɗaya, mutum ɗaya a lokaci guda. In wani na ciki sai ka yi ta kira. Mai allon yana iya ganin abin da kake bugawa, yana iya katse ka ya gaishe ka. Daga 1984 tsarin FidoNet na Tom Jennings ya sa allunan suna kiran junansu da dare, lokacin da kira ke da araha, suna miƙa saƙonni hannu zuwa hannu, wasiƙa takan yi kwanaki kafin ta ƙetare teku. Faransa kuwa hanyarta daban ta bi: tun 1982 aka fara raba wa gidaje Minitel, wata 'yar na'ura mai allo da madannai da ke bin layin tarho, ba a kashe ta ba sai 2012. Ko da yanar gizo ta zo, bayan cibiyar CERN ta sake ta kyauta a 1993 kuma burawuza irin su Mosaic da Netscape suka sa mata hotuna, shafukan farko na mutane ne, masu launi mai kashe ido da rubutu mai ƙyaftawa, wani na tsuntsayensa, wani na tsofaffin motoci. Babu wata manhaja da ke auna abin da zai riƙe ka ta tura maka. Sai abin da ka nema, ko wanda wani ya nuna maka.

Na ukun shi ne wanda ya fi taɓa ni a matsayin mai gyara: na'urar ana iya gane ta daga kai har ƙafa. Kunna Commodore 64, wadda ta fito a 1982, cikin daƙiƙa biyu allo mai shuɗi ya ce maka akwai bayit 38,911 a hannunka, ya rubuta READY, ɗigo na ƙyaftawa yana jira. Ba ta ba ka komai ba sai ka faɗa mata. Littafin da ke cikin kwalinta yana koya maka BASIC, yaren rubuta manhaja. Yaro zai rubuta layi biyu, na farko ya buga sunansa, na biyu ya ce a koma na farko, sunan ya cika allo yana gudu, daga ranar ya san cewa shi ke ba da umarni. Mujallu kan buga manhajar wasa shafi-shafi, ka kwafa da hannu, ka yi kuskuren waƙafi guda ka kwana nema. ZX Spectrum ta Ingila, ita ma 1982, daga kaset take loda wasa, minti huɗu ko biyar kana jin irin wannan ƙara, ƙarar rikoda ta yi yawa ko ta yi kaɗan sai a sake. Apple II ta 1977 littafinta na ɗauke da zanen wayoyin cikinta, IBM ma da ta fitar da tata a 1981 ta wallafa littafin da ke da zanen da rubutun manhajar tushe. Wayar da ke hannunka ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ko batirinta ba a so ka cire.

Kada in yi maka ƙarya, fahimtar nan dole ce ta kawo ta. Wata rana an kira ni wani gida, mai gidan ya rantse kwamfutarsa aljanu ne da ita: duk lokacin da modem ya fara kira, linzami sai ya ƙame. Na buɗe, na ga linzamin (wato mouse) na kan ƙofar jonawa ta COM1, wanda ya haɗa masa kuma ya sa modem a COM3. Waɗannan ƙofofi biyu layin katse guda suke amfani da shi, IRQ 4, kamar mutum biyu na jan igiyar ƙararrawa ɗaya, mai amsawa bai san wa ke kira ba. Na zare katin, na matsar da wata 'yar roba mai girman ƙwayar shinkafa daga fil biyu zuwa wasu biyun, aljanu suka tafi. Ya tsaya a kaina yana kallo, bai yarda aikin ke nan ba. Irin wannan, da kokawar samar wa wasa gurbi cikin kilobayit 640 na ƙwaƙwalwar da DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a lokacin, ke aiki da su ta hanyar gyara fayil ɗin saiti mai suna CONFIG.SYS, su suka yaye masu gyara da masu rubuta manhaja da yawa. Amma a kan kowane yaro ɗaya da wahalar ta koyar, akwai gidaje da dama da kwamfuta ta koma abin ado aka lulluɓe ta da ƙyalle.

Wannan ne ɓangaren da masu kewa ke tsallakewa. Gidajen da ke da kwamfuta da layin tarho kaɗan ne a duniya, don haka zaman lafiyar da ake yabo rabinta ƙofa ce a rufe ga yawancin mutane. Cuta ma ba yau ta fara ba: ƙwayar Brain ta bi faifai ta yaɗu tun 1986, ILOVEYOU ta bi imel a Mayun 2000 ta durƙusar da ofisoshi a faɗin duniya, kuma akwai muguwar manhajar da kan sauya lambar da modem ke kira zuwa wata mai tsada a ƙasar waje, ba ka sani ba sai takardar kuɗin waya ta iso. Tsarin haruffa na ASCII gurbi 128 gare shi, an yi shi don Turanci, yawancin harsunan duniya sun daɗe suna rubutu da ƙyar, ƙ da ɗ da ɓ ɗin nan da nake buga maka ba su da wuri a ciki. Abubuwan da mutane suka gina da hannunsu ma ba su tsira ba. GeoCities, inda miliyoyi suka kafa shafukansu na farko, Yahoo ta saye shi a 1999 ta rufe shi a 2009, sai abin da masu sa kai suka yi gaggawar kwashewa. Duk wanda ya ce maka zai koma wancan zamani dindindin, ka ba shi mako guda ka gani.

Game da ɗanɗanawa, kada ka fara da saye. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urori a kan kwamfutarka: DOSBox don wasanni da manhajojin DOS, VICE don Commodore. Internet Archive na da tarin tsofaffin manhajoji da ke tashi a cikin burawuza, da kuma ma'ajiyar tsofaffin shafuka tun daga 1996. Ka buɗe VICE, ka zauna gaban READY ɗin nan na awa guda ba tare da ka nemi komai a waya ba, ka rubuta abin da zai tambayi sunanka ya gaishe ka. In abin ya kama ka, to ka fahimci rabin murmushin yayanka.

Kiran modem na gaske ya yi wuya yanzu. AOL, wadda ta shigar da Amurkawa da yawa intanet ta wannan hanya, ta rufe hidimar a ƙarshen Satumban 2025. Layukan gida da yawa kuma sun koma bin intanet, suna matse sauti ta yadda murya za ta fita amma kukan modem ya lalace. Masu sha'awa kan yi amfani da 'yar na'urar da ke amsa umarnin AT kamar modem alhali Wi-Fi take bi, da ita suke shiga allunan saƙon da har yau wasu ke riƙe da su. Aiki take yi sosai, sai dai ba ta kuka.

In kuwa ka kai ga sayen tsohuwar na'ura, kada ka jona ta da wuta ranar da ta zo, komai ɗokinka. Buɗe ta tukuna. A kwamfutoci da yawa na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 akwai ɗan batiri mai kama da ganga da aka like a jikin babban allon da ke cikin na'urar, wato allon uwa, yakan yi yoyo ya cinye layukan tagulla, za ka ga kore-kore a kewayensa. Cire shi, ka duba ko kapasito, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, sun kumbura, ka gwada abin ba da wutar shi kaɗai, musamman na Commodore 64 da ya yi suna wajen tura wuta fiye da kima ya ƙone ƙwaƙwalwar na'ura in ya tsufa. Tsohon allo mai ƙeya kuwa kada ka kwance shi, yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. Kuma in yayanka na da tsofaffin faifansa a wani kwali, ka fara da su: ku nemi abin karanta faifai na USB, wanda ke ɗaukar masu inci uku da rabi, ku kwashe abin da ke ciki tun maganaɗisun bai gama sakin jiki ba. Kowanne megabayit 1.44 ne kawai, dukan kwalin ba zai kai bidiyo guda na wayarka ba.